Raunin ƙoda na farat ɗaya ga yaran da aka gano suna da ciwon sukari

Raunin ƙoda na farat ɗaya, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da AKI, shi ne raguwar aikin ƙoda cikin 'yan awanni ko 'yan kwanaki, ta yadda za ta kasa tace dattin jini kamar yadda ta saba. Yana daga cikin matsalolin da aka fi gani ga yaran da aka kawo asibiti karon farko da ciwon sukari nau'i na 1, musamman waɗanda suka iso da rashin ruwa a jiki da taruwar asid a jini. Mafi yawan yaran ƙodarsu na farfaɗowa idan an yi musu ƙarin ruwa da allurar insulin a kan lokaci. Jinkirin gano ciwon sukarin ne ke kai wasu ga wankin ƙoda ko rasa rai.

Yadda ciwon yake faruwa

Ciwon sukari nau'i na 1 yana samuwa ne idan garkuwar jiki ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin a cikin pankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. Shan zaƙi ba shi ne ke kawo shi ba, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Idan babu insulin, sukari ba ya iya shiga ƙwayoyin jiki, sai ya taru a jini. Da zarar ya haura kimanin miligiram 180 a kowace desilita, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya zube cikin fitsari yana jan ruwa da gishirin jiki tare da shi. Shi ya sa yaron ke yawan fitsari da ƙishirwa.

A lokaci guda jiki yakan koma ƙona kitse don samun kuzari. Ƙona kitsen na haifar da sinadaran kiton, waɗanda ke mayar da jini mai asid. Wannan yanayi shi ake kira DKA. Yakan zo da amai, wanda ke hana yaro mayar da ruwan da ya rasa. Jinin da ke isa ƙoda sai ya ragu. Da farko ƙodar lafiyarta lau, jini ne kawai bai ishe ta ba, kuma ƙarin ruwa na gyara lamarin. Idan aka daɗe a haka, ƙananan bututun da ke cikinta sukan fara lalacewa, kuma warkewa kan ɗauki lokaci mai tsawo.

Alamomi

Alamomin ciwon sukarin kan riga na ƙodar da kwanaki ko makonni. Sun haɗa da yawan fitsari dare da rana, fitsarin kwance ga yaron da ya riga ya daina, yawan shan ruwa, rama duk da cin abinci, kasala, da taruwar tururuwa a inda yaro ya yi fitsari. Idan asid ya taru a jini, sai amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, wari kamar na 'ya'yan itace a baki, da yawan barci har zuwa suma.

Raunin ƙodar kansa ba kasafai yake da zafi ba. Alamar da ta fi muhimmanci ita ce yaron da ke ta fitsari ya koma yin kaɗan ko ya daina gaba ɗaya. Iyaye kan ɗauka sauƙi ne ya samu, alhali ƙodar ce ta fara gazawa. Akwai kuma yaran da ke ci gaba da fitsari da yawa duk da ƙodar ta raunana, saboda sukarin na ci gaba da jan ruwa. Don haka gwajin jini ne kaɗai ke tabbatar da lamarin.

Yadda ake ganewa

Ana auna sinadarin kiriyatinin, wani datti da tsoka ke fitarwa wanda ƙoda ke tacewa. Bisa ƙa'idar da ƙungiyar KDIGO ta fitar a shekarar 2012, ana cewa an samu raunin ƙoda idan kiriyatinin ya ƙaru da miligiram 0.3 a desilita cikin awa 48, ko ya kai ninki 1.5 na yadda yake a da cikin kwana 7, ko fitsari ya gaza mililita 0.5 ga kowane kilo na nauyin jiki a awa, har tsawon awa 6. Ƙa'idar ta kasa ciwon mataki uku: mataki na 1 daga ninki 1.5 zuwa 1.9, mataki na 2 daga ninki 2 zuwa 2.9, mataki na 3 daga ninki 3 zuwa sama ko buƙatar wankin ƙoda.

Ga yara akwai wata wahala. Kiriyatinin ɗinsu ƙasa yake da na manya saboda ƙarancin tsoka, don haka sakamakon da za a ce daidai ne ga babba yana iya zama ninki biyu ga ɗan shekara biyar. Yawancin yaran kuma ba a taɓa yi musu gwajin ba kafin rashin lafiyar, sai likita ya ƙiyasta asalin adadin ta amfani da tsawon yaro.

Yawan faruwarsa

Wani bincike da aka wallafa a mujallar JAMA Pediatrics a 2017 ya duba yara 165 da aka kwantar da DKA a asibitin yara na British Columbia da ke Kanada. An samu raunin ƙoda ga 106, wato kashi 64 cikin ɗari, biyu daga ciki sun buƙaci wankin ƙoda. Wani da ya fi shi girma a Amurka, wanda ya fito a 2020, ya duba aukuwar DKA sau 1,359 a asibitoci 13, ya samu raunin ƙoda a kashi 43 cikin ɗari. A Italiya, binciken da aka wallafa a 2021 kan yara 185 da ciwon sukarinsu ya bayyana karon farko ya samu kusan kashi 44 cikin ɗari, har da wasu da ba su kai ga DKA ba. Wani nazari na 2022 ya nuna cewa yaran da suka taɓa samun raunin sun fi saurin fara zubar da furotin a fitsari daga baya, wanda shi ne alamar farko ta ciwon ƙoda mai daɗewa.

Magani

Maganin raunin ƙodar shi ne maganin abin da ya kawo shi. Ana fara wa yaro ƙarin ruwan gishiri ta jijiya, sannan bayan kimanin awa ɗaya a fara ba shi insulin sannu a hankali. Ana mayar da ruwan da ya rasa cikin awa 24 zuwa 48, ana lura da hankalinsa, domin kumburin ƙwaƙwalwa, duk da bai cika faruwa ba, shi ne haɗari mafi girma a DKA. Ana kuma auna yawan fitsari da sinadarin fotasiyam. Insulin na rage fotasiyam a jini, ƙodar da ta gaza kuma tana tara shi, kuma duka biyun na iya tsayar da zuciya. Likitoci kan guji magungunan da ke wahalar da ƙoda irin su ibuprofen, diclofenac da gentamicin. Kaɗan ne daga cikin yaran ke buƙatar wankin ƙoda, kuma yawanci na ɗan lokaci ne.

Halin da ake ciki a masarautar Daura

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura, Ɓaure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango, tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. Abubuwa da dama a yankin na ƙara haɗarin ciwon. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, yaro na rasa ruwa ta gumi baya ga wanda yake rasawa ta fitsari. Da damina kuma amai, kasala da suma sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, numfashi da sauri ya yi kama da ciwon nimoniya. Yaro na iya shan maganin maleriya daga kemis kwana da kwanaki ba a duba sukarinsa ba. Maleriya mai tsanani da gudawa su ma suna raunana ƙoda, don haka idan suka haɗu da ciwon sukari abin ya fi muni. Ba wa yaro lemon kwalba ko ruwan sukari don ya samu ƙarfi na ƙara fitsarin ne, jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba kuma na iya ƙara wa ƙodar nauyi.

A garin Daura akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da asibitin sojojin sama da aka buɗe a watan Agusta na 2019. Manyan asibitocin koyarwa mafi kusa su ne Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, mai nisan kimanin kilomita 80, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda ya fara dashen ƙoda a 2002. Ga iyalin da ke ƙauye, abin da ke raba warkewa da wankin ƙoda sau da yawa shi ne gwajin sukari na ɗigon jini daga yatsa, wanda bai kai minti ɗaya ba kuma ƙaramin asibiti ma zai iya yi.

Rigakafi da kulawa bayan sallama

Ba a iya hana ciwon sukari nau'i na 1, amma ana iya hana DKA da raunin ƙodar da ke biyo bayansa. Duk yaron da ke yawan fitsari, yawan shan ruwa da rama ya kamata a gwada sukarinsa a ranar. Bayan sallama, yaro zai riƙa allurar insulin har tsawon rayuwarsa, kuma ba a dakatar da ita ko da yana rashin lafiya bai ci abinci ba, sai dai likita ya daidaita adadin. A gidan da babu firji ana ajiye insulin a cikin tukunyar ƙasa mai sanyi, nesa da rana. Yaron da ya taɓa samun raunin ƙoda ana son a sake duba kiriyatinin ɗinsa bayan wata uku, a riƙa auna hawan jininsa da furotin a fitsarinsa.

Tarihi

Kafin Frederick Banting da Charles Best su gano insulin a Toronto a 1921, yaran da suka kamu da wannan ciwo ba sa daɗewa a raye. An fara yi wa ɗan Adam allurar a Janairun 1922, wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson. Ana bikin Ranar Ciwon Sukari ta Duniya kowace 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting, ana kuma yin Ranar Ƙoda ta Duniya a Alhamis ta biyu ta watan Maris.