Ƙumbar aska: Yadda amfaninta ga jiki ke sauyawa da lokutan shekara

Ƙumbar aska halittar teku ce daga dangin makankari, wadda ke rayuwa a binne cikin yashin gaɓa. Ta samo sunanta ne daga ɓawonta mai tsawo da kaifi kamar askar wanzami. Ana cin ta sosai a yankin Galisiya na ƙasar Sifen, da lardunan Fujian da Zhejiang na Sin, da jihohin Washington da Oregon da Alaska na Amurka.

Namanta na ɗauke da furotin, da sinadarin ƙarfe, da bitamin B12, da kitsen omega-3, sai dai yawansu kan sauya a tsawon shekara. Abubuwa biyu ne ke kawo haka, wato abinci da hayayyafa.

Halittar na rayuwa ne a kan ƙananan tsirran ruwa da take tacewa. Idan suka yawaita, takan tara sukarin ajiya da ake kira gilaikojin, tare da kitse, sai namanta ya cika ya yi zaƙi. Daga wannan ajiya take samar da ƙwayayen haihuwa. Da zarar ta zubar da su a ruwa, sai ta rame, ruwa ya yi yawa a naman, nauyinsa ya ragu.

Lokacin ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A gaɓar Washington da Oregon, nau'in Siliqua patula kan hayayyafa ne daga wajajen Mayu zuwa Yuli, idan ɗumin ruwa ya kai kimanin digiri 13 a ma'aunin Selshiyos. Saboda haka ya fi ƙiba gab da wannan lokaci.

Sai dai ƙiba ba ta nufin aminci. Wani tsiron ruwa mai suna Pseudo-nitzschia na samar da gubar domoik, wadda ke illata ƙwaƙwalwa. A 1991 aka fara gano ta a ƙumbar aska ta waɗannan jihohi biyu, kuma a 2015 ta sa an rufe kamun. Takan daɗe watanni a naman, dafuwa ko daskarewa ba sa kawar da ita.

A Amurka, hukumomi kan hana kamun idan gubar ta kai kashi 20 cikin miliyan. Don haka ya kamata matafiyi ya saya daga wurin da ke da lasisi, ya kuma guji wadda aka haƙo daga gaɓar da aka rufe.