Jinyar damuwa da rangwame: hanyoyin da suke buɗe wa mazauna Bagwai

Jinyar damuwa ta hanyar tattaunawa aiki ne na masanin halayyar ɗan Adam da ya samu horon asibiti. Shi ba ya rubuta magani. Wannan hurumin likitan ƙwaƙwalwa ne. Sau da yawa su biyun kan haɗa hannu a kan majinyaci ɗaya, kuma zama ɗaya ba ya wadatarwa, sai an yi ta komawa na tsawon makonni.

Inda ake samun ƙwararru

Tun 1991 manufar Najeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kiwon lafiya a matakin farko, amma ƙwararrun sun taru ne a birane. Mazaunin Ƙaramar Hukumar Bagwai yakan fara da asibitin da ke kusa da shi, daga nan a ba shi takardar tura shi gaba, ko dai zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke kan hanyar Katsina, ko kuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Hanyoyin rangwame

Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS. Tsarin ya haɗa da mata ko miji da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma majinyaci yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Ma'aikacin jiha da na ƙaramar hukuma suna ƙarƙashin hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, KSCHMA, inda ake cire gudummawa daga albashi. Ɗan kasuwa da manomi na iya shiga da kansu ta shirin GIFSHIP, su biya kuɗin shekara. Marasa galihu kuwa akwai asusun BHCPF, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen asusun shigar gwamnatin tarayya. Ana yin rajistarsa a asibitocin matakin farko da aka zaɓa.

Abin da ke cin kuɗi

Akwai kuɗin kati, na ganin likita, na kowane zama, na gwaji, na magani, da na gado idan an kwantar. Ga wanda ya taso daga ƙauyukan gefen madatsar Watari, kuɗin mota na mutum biyu, majinyaci da ɗan rakiya, da asarar wunin gona, inshora ba ta ɗaukar su. Wannan ne yakan sa a katse jinya a tsakiya, ciwo ya dawo.

Abin kula shi ne, inshora ba ta biya idan aka tsallake takardar turawa, kuma ba kowane tsari ne ya haɗa da zaman tattaunawa ba. Ya kamata a tambayi teburin inshora na asibiti tun kafin zaman farko: zama nawa aka amince, nawa ne zai fito daga aljihu. Wanda abin ya fi ƙarfinsa ya nemi sashen jin daɗin jama'a na asibitin.

Matsayin doka

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu aka bayyana a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ta haramta nuna wariya, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙin a ɓoye sirrinsa.