Sanadi da Laifi a Cikin Kalmar “Blame” ta Ingilishi

Kalmar “blame” ta shiga Ingilishi ne daga tsohon Faransanci wajajen shekara ta 1200, bayan mamayar da Normawa suka yi wa Ingila a 1066, kuma asalinta guda ne da kalmar “blasphemy”, wato saɓo, domin dukkansu sun samo tushe daga wata kalmar Girkanci mai nufin faɗin mummunar magana a kan wani. Sai dai abin da ya fi tarihin nan muhimmanci shi ne yadda kalmar, a bakin masu amfani da ita yau, take ɗauke da ma'anoni biyu da ya kamata a ce kowace tana zaman kanta. Ta farko ita ce nuna sanadi, kamar yadda Bature kan ɗora jinkirin jirgin ƙasa a kan dusar ƙanƙara ba tare da ya ga laifinta ba, ta biyu kuwa ita ce yanke wa mutum hukunci cewa ya cancanci a tsine wa aikinsa. Masu fassara labarai zuwa Hausa sukan ji nauyin wannan haɗi, tun da dole su zaɓa tsakanin zargi, wanda bai tabbata ba tukuna, da ɗora laifi, da kuma ɗaukar alhaki.

Wannan cakuɗuwa tana da illa a aikace, domin mai magana yana iya farawa da bayanin sanadi ya ƙare da hukunci, mai sauraro bai ankara ba. Abin da masanin halayyar ɗan Adam William Ryan ya tona ke nan a littafinsa na 1971 kan ɗora wa wanda aka zalunta laifi, inda ya soki bayanai irin na rahoton Moynihan na 1965, wanda ya danganta talaucin baƙaƙen fatar Amurka da yanayin iyalansu. A ganin Ryan, abin da aka gabatar da sunan binciken musabbabi ya rikiɗe ya zama tuhumar talakan kansa, alhali wariya da rashin aikin yi sun tsira daga tambaya.

Harkar sufurin jiragen sama ce ta fi kowa ƙoƙarin raba ma'anonin biyu. Rataye na 13 na Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ya tanadi cewa manufar binciken hatsari ita ce hana aukuwar wani, ba rabon laifi ko alhaki ba, kuma dalilin a fili yake: matuƙin da ya san maganarsa za ta zama igiyar ɗaure shi ba zai faɗi kuskurensa ba, kuskuren da aka ɓoye kuwa wani ne zai sake faɗawa cikinsa. Asibitoci da dama sun ari wannan tsari, kuma sun yi daidai.

Amma akwai inda gudun zargi yake zama mafakar masu iko. Bayan guguwar Katrina ta afka wa birnin New Orleans a watan Agustan 2005, inda mutane fiye da 1,000 suka rasa rayukansu, kakakin fadar shugaban Amurka, Scott McClellan, ya yi ta amsa tambayoyin 'yan jarida kan jinkirin kai agaji da cewa gwamnati ba za ta shiga wasan zargin juna ba. Kiran tuhuma da sunan wasa ya mayar da mai tambaya tamkar shi ne mai neman fitina. Bambancin da ke tsakanin wannan da tsarin binciken jiragen sama babba ne, domin can an jingine hukunci ne don ƙananan ma'aikata su samu damar buɗe baki, nan kuwa shugabanni ne suka nemi a jingine shi don kada a tilasta musu yin bayani.