Muhammad Bah Abba da Farkon Tukunya Cikin Tukunya

Muhammad Bah Abba (1964–2010) malami ne ɗan arewacin Nijeriya wanda ya yi suna da tukunya cikin tukunya, dabarar da ake adana kayan lambu da ita cikin sanyi ba tare da wutar lantarki ba. A gidan maginan tukwane aka haife shi, a karkara ya tashi, saboda haka tun yana ƙarami hannunsa ya saba da yumɓu. A makaranta ya yi darussan kimiyya, amma da ya fara aiki darussan kasuwanci ya riƙa koyarwa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, jihar da aka cire daga Kano a 1991.

Ban da koyarwa, yakan yi wa Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya aikin ba da shawara, kuma wannan aiki ne ya riƙa kai shi ƙauyuka. Abin da ya tarar ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san noman rani. Manomi ya tsinke tumatir ko ya yanko alayyafo, ba firji, ba wutar da za ta riƙe firjin ko da akwai shi, tilas ya sayar kafin kayan su yi yaushi. Mai saye ya san da haka, sai ya yi tayin da ya ga dama. Gidan da ba a sayar da sari ba kuwa, 'yan mata ake ɗora wa talla kullum, makaranta ta wuce su.

Wajen 1995 Bah Abba ya soma gwaji, ya shafe kimanin shekara biyu yana gyare-gyare. Tsarin ba shi da wuya. Ana saka ƙaramar tukunya cikin babba, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin da ruwa, a zuba kayan miya a ta ciki, sannan a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yakan tsattsafo ta jikin babbar tukunyar, iska ta busar da shi, kuma yayin da yake bushewa sai ya tafi da zafin da ke ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. Aikin mai ita kawai ya ajiye ta a inuwa inda iska ke ratsawa, ya ƙara ruwa safe da yamma. A gwaje-gwajen Bah Abba yalo ya kwana 27 maimakon 3, tumatir da tattasai sun kai mako uku, alayyafon da ke lalacewa cikin yini guda ya yi kwana 12.

Ilimin da ke ƙarƙashin wannan ba sabo ba ne. Mutanen Masar na dā sun san shi, kuma duk matar da ta taɓa ajiye randa a gindin bishiya ta san ruwanta ya fi na bokiti sanyi. Abin da Bah Abba ya ƙara shi ne yashin nan da ke riƙe ruwa tsakanin tukwane biyu, har ta ciki ta zama ma'ajiyar abinci, ba ta ruwan sha kaɗai ba. Amma in za a yi adalci, inda ya fi nuna gwaninta shi ne wajen kai abin hannun jama'a, kuma a nan malamin kasuwanci ne ya yi aiki fiye da ɗan magina.

Da kuɗin aljihunsa ya ɗauki magina aiki suka gina tukwane 5,000 na farko, ya raba su kyauta a ƙauyuka biyar na Jigawa. A 1999 ya ƙara 7,000. Bai nemi masana'anta ba, bai shigo da komai daga waje ba. Yumɓu na gari, magina na gari, waɗanda robobi da tukwanen alminiyam suka riga suka fara kashe wa kasuwa. Duk da haka mutane ba su rungumi abin nan take ba, kuma takardar bayani ba ta da amfani inda masu karatun boko ba su da yawa. Sai ya shirya wasan kwaikwayo da Hausa, aka ɗauka a bidiyo, ya riƙa zagayawa da janareta yana haska majigi a jikin farin ƙyalle da dare, lokacin da kowa ya dawo daga gona.

Tukunyar tana da iyakarta: sai da busasshiyar iska take aiki. A Dutse da hunturu ko bazara sanyinta sai wanda ya taɓa, da damina kuma sai ya ragu. Shi ya sa mai kayan gwari a unguwar Zongo ko a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, a ƙasar Benin, ba zai ci moriyarta sosai ba, domin iskar bakin teku cike take da danshi, ruwan yashin ba ya bushewa da sauri balle ya janye zafi. A ƙasar Benin, arewa ce ta dace da ita, wajen Kandi da Malanville.

A shekarar 2000 Bah Abba ya samu kyautar Rolex mai dala 75,000, wadda ya yi amfani da ita wajen faɗaɗa aikin zuwa wasu jihohin arewacin Nijeriya, inda aka koma sayar da tukwanen da araha maimakon rabo. A 2001 mujallar Time ta sa tukunyar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekara. Daga baya aka gwada ta a Darfur ta Sudan, inda mata magina na Al-Fashir suka shiga gina ta, ana kiranta zir.