Kujerun Majalisar Khartoum da Takardar Jinsiyya

Ɗan'uwa makiyayi, da kai mai fatauci a bakin iyaka, duk lokacin da aka tayar da zancen gyaran dokar zaɓe a Sudan za ka ji ana musu kan yawan kujerun majalisa, a ƙara ko a rage. To bari mu waiwayi baya, ka ji yadda lissafin nan ya taɓa ƙauyukanmu na Jazira da bakin Bahar Azrak.

Zaɓen majalisa na farko an yi shi a 1953, Turawan Ingila ba su riga sun tafi ba. Wani Ba'indiye, Sukumar Sen, shi ya shugabanci hukumar zaɓen. Kujeru 97 ne, amma 5 daga ciki an keɓe su ga 'yan boko, waɗanda ake kira khirrijin. Wato mai takardar makaranta ƙuri'a biyu gare shi, ɗaya a mazaɓarsa, ɗaya a ta masu ilimi. Mai tsinkar auduga kuwa ɗaya ce, in ma ya samu.

Na ce in ya samu, don a nan matsalarmu take. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Yanzu yi lissafi da kanka. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka sauka kusa da Sinnar wajen 1906, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Madatsar ruwan Sinnar kuma sai 1925 aka gama ta, a lokacin ne gonakin audugar Jazira suka fara jan dubban Hausawa, da Fulani, da Barebari, galibi masu niyyar Hajji da guzuri ya ƙare musu a hanya. Duk waɗannan bayan 1897 suka zo. Ka ga mutum an haife shi a kambo, a gefen hawashar wani, bai san wata ƙasa ba, amma a takarda baƙo ne. Daga baya ne aka matso da shekarar zuwa 1924, sannan 1956.

Zaɓen 1958 shi ne ya fi karkata ga mutanen karkara. An yi ƙidayar jama'a a 1955 zuwa 1956, gwamnatin Abdullahi Khalil ta dogara da ita ta sake yanka mazaɓu, kujeru suka koma 173, aka soke na 'yan boko gaba ɗaya. Har rumfunan zaɓe na tafi-da-gidanka aka yi saboda makiyaya, akwati ya bi su inda suke. Kada ka ɗauka tausayi ne zalla. Jam'iyyar Umma ta san ƙarfinta a ƙauye yake, cikin Ansar, ta kuwa fito da kujeru 63, ta fi kowa. Jam'iyyar Isma'il al-Azhari, mai ƙarfi a birane, ta yi ta ƙorafin cewa an raba wa Fallata jinsiyya don su zaɓi Umma. Wannan zargi ya daɗe yana bin mu. Ko yau in Bahaushe ya je neman takarda, a kan tambaye shi shaidun da ba a tambayar maƙwabcinsa. Majalisar kanta ba ta yi shekara ba, Janar Ibrahim Abbud ya rushe ta ranar 17 ga Nuwamba 1958.

Bayan juyin Oktoba na 1964 aka dawo da kujerun 'yan boko, 15 cikin 233, a zaɓen 1965. 'Yan gurguzu suka kwashe mafi yawansu. Gaskiya dai ta wannan ƙofar Fatima Ahmed Ibrahim ta shiga, mace ta farko a majalisar Sudan, don haka ba zan ce tsarin bai haifi alheri ko ɗaya ba. A 1968 aka sake soke su.

Sai 1986. Kujeru 301, na 'yan boko 28, jam'iyyar Hassan al-Turabi ta cinye 23 daga cikinsu, alhali shi kansa Turabin ya faɗi a mazaɓarsa ta Khartoum. Kai! Mutanen da ba su kai jama'ar wasu 'yan garuruwa ba sun samu kujeru 28, ga kuma ƙauyukan kambo da ba a ma sa su a taswira ba, balle a ba su makaranta ko famfo. Ni a ganina wannan ne rabon da ya fi kowane zalunci ga mutumin karkara.

Dokar zaɓe ta 2008 ta kai majalisa kujeru 450: kashi 60 cikin ɗari na mazaɓu, 25 na mata, 15 na jerin jam'iyyu. Majalisa ta yi girma, amma har yanzu da ƙidaya ake yanka mazaɓa. Wanda rani ya kai shi kudu da Damazin, wajen iyakar Habasha, ranar rajista ba ya nan.

Tun faɗuwar Umar al-Bashir a Afrilu 2019 babu zaɓaɓɓiyar majalisa. An yi alkawarin ta riƙon ƙwarya mai mutum 300, ba a kafa ta ba. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Bahar Azrak bayan Hausawa sun nemi a amince musu da sarautar gargajiya tasu, aka rasa rayuka da dama a Rusairis da kewaye, babu zauren wakilai da za a kai ƙara. Yaƙin da ya tashi a Afrilu 2023 kuma ya watsa mutanen Jazira. In an zo sabuwar ƙidaya da rajista, da yawa cikinsu za a same su a Gadarif ko Kassala, takardunsu kuwa suna can gidajen da suka baro.