Layin da ke jikin dutse: Joseph Connell da banakul ɗin Millport

Mai karatu, idan wata rana tafiya ta kai ka gaɓar tekun Sikotland, ka jira ruwa ya janye sannan ka dubi duwatsun bakin gaɓa. A can teku kan cika ta kuma janye sau biyu a rana, don haka akwai wani yanki na dutse da wani lokaci yake nutse, wani lokaci kuma yake shan iska da rana. A jikin wannan yankin za ka ga wasu ƙananan abubuwa farare-farare masu tauri, sun yi cincirindo kamar ƙuraje, kowanne bai kai farcen ɗan yatsanka ba. Sunansu banakul, kuma dabbobi ne masu rai.

Da ganinsu za ka ce dangin dodon koɗi ne. Masana ma haka suka ɗauka, sai a 1830 wani likitan sojan Birtaniya, John Vaughan Thompson, ya bi diddigin 'ya'yansu ya gano ashe dangin ƙaguwa da jatan lande ne. Ɗan banakul yakan yi makonni yana iyo a ruwa, daga nan ya sami dutse ya manna goshinsa da wani irin gam, ya gina ɓawo ya kewaye kansa. Shi ke nan, ba zai ƙara gusawa ba har mutuwa. In ruwa ya rufe shi sai ya miƙo ƙafafunsa masu gashi yana tace abinci, in ruwa ya janye ya rufe ƙofa. Charles Darwin da kansa sai da ya ba wannan halitta shekara takwas na rayuwarsa, daga 1846 zuwa 1854.

To, abin da ya kawo mu shi ne wani layi. A waɗannan duwatsun akwai banakul iri biyu. Chthamalus, ƙarami, yana zaune can sama inda ruwa ba ya daɗewa. Balanus, wanda ya fi shi girma, ya mamaye ƙasa. Tsakaninsu akwai iyaka kamar an ja ta da alli. Me ya ja ta?

Amsar da aka saba bayarwa a farkon ƙarni na 20 mai sauƙi ce: kowace halitta tana zaune ne inda jikinta ya fi so. Na sama yana son bushewa, na ƙasa yana son ruwa. Maganar cewa wata halitta na korar wata kuwa, an gan ta ne a ɗakin gwaji, inda masanin Rasha Georgy Gause ya nuna a 1934 cewa idan aka haɗa wasu ƙananan halittun ruwa iri biyu a kwalba ɗaya da abinci ɗaya, ɗaya kan ƙarar da ɗaya. Amma kwalba daban, duniya daban. A 1954 wasu masana biyu daga Ostireliya, Andrewartha da Birch, suka fitar da babban littafi suna cewa yanayi ne ya fi tasiri wajen yawan dabbobi, an cika zuzuta batun gogayya. Kowane ɓangare yana da hujjojinsa, sai dai yawancinsu daga kallo da ƙirge suka fito.

Ana cikin wannan muhawara wani Ba'amurke, Joseph Connell, ya zo yin digirin digirgir a Jami'ar Glasgow. Ya yi aikin hasashen yanayi a rundunar sojan Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya yi digiri na biyu a Berkeley kan zomayen daji. Zomayen nan sun gasa masa aya a hannu: yana ɗana tarko suna ƙin shiga, abin da ya kama bai taka kara ya karya ba. Duk wanda ya taɓa zaman jiran samfurin da ya ƙi zuwa ya san wannan takaicin. Shi ya sa da ya ci karo da aikin wani Bafaranshe, Harry Hatton, wanda ya yi gwaje-gwaje kan banakul a gaɓar Saint-Malo ya wallafa a 1938, sai ya ga ga dabbar da ba ta gudu, ga ta dubbai a wuri ɗaya. Daga 1952 zuwa 1955 ya tare a tashar binciken teku ta Millport, a tsibirin Cumbrae.

Abu na farko da ya lura da shi: 'ya'yan Chthamalus suna sauka su manne har can ƙasa, cikin yankin Balanus. Ke nan suna isa wurin. Amma kafin shekara ta zagayo sai ka neme su ka rasa. Wani abu na kashe su.

Ga abin da ya yi, kuma kayan aikinsa ba su da tsada. Ya ɗauko duwatsu masu ɗauke da Chthamalus daga sama, ya kai su matakai daban-daban na ƙasa ya ɗaure da ƙusa. Kowane fili ya raba shi biyu. A rabi ɗaya ya bar komai yadda yake. A ɗaya rabin ya bi da allura yana cire duk Balanus ɗin da ya matso kusa da Chthamalus. Ya zana taswirar wurin zaman kowane banakul, ɗaya bayan ɗaya, ta yadda in ya dawo zai san wane ya mutu, wane ne maƙwabcinsa, kuma yaya aka yi. Ka tuna duk wannan a tsugune ake yin sa, cikin sanyin Sikotland, a 'yan sa'o'in da ruwa ya ba da dama.

Sakamakon ya fito ƙarara. Inda aka cire Balanus, Chthamalus ya rayu lafiya lau a ƙasa, yawan nutsewa bai dame shi ba. Inda aka bar su tare, Balanus da yake ya fi saurin girma sai ya haye kansa ya rufe shi, ko ya kutsa ƙarƙashin ɓawonsa ya ɓamɓare shi daga dutse, ko ya matse shi ta gefe har ya fashe. Kisan ya fi yawa bayan hunturu, daidai lokacin da Balanus ke tsakiyar girma. Ka ga faɗan duk a kan wurin zama ne.

To me ya hana Balanus ya hau sama ya ƙarasa da shi? Rana da iska. 'Ya'yansa da suka manne a sama bushewa suke yi su mutu, Chthamalus kuwa yana jurewa. Wato saman nan da ake cewa yana so, gudun hijira ne ya ajiye shi can.

Akwai na uku a labarin, wani dodon koɗin teku mai cin nama, Nucella, wanda a lokacin ake kira Thais. Connell ya rufe wasu filayen da kejin waya don hana shi shiga. Ya gano ya fi son manyan banakul, wato galibi Balanus. Inda ya yi ɓarna sosai cunkoso kan ragu, matsin da ke kan na tsira ya yi sauƙi. Wannan zaren ne Robert Paine ya ja a 1966 a gaɓar jihar Washington: da ya kwashe taurarin teku masu farauta daga wani dutse, sai wani nau'in ƙumba ya mamaye wurin, nau'o'in halittu suka ragu daga 15 zuwa 8.

Connell ya wallafa aikinsa a 1961 a mujallar Ecology, ya kuma shiga littattafan karatu a matsayin ƙa'ida: yanayi ke yanka iyakar sama, maƙwabta da mafarauta su yanka ta ƙasa. A ganina littattafan sun fi Connell gaggawa, domin abin da ya nuna na gaɓa ɗaya ne. A shekarun 1980 David Wethey ya duba gabashin Amurka. A arewacin Cape Cod, inda ake sanyi, Balanus na murƙushe Chthamalus ɗin can. A kudu kuwa zafin dutse na kashe Balanus a sama, sai Chthamalus ya sami fili. Wanda zai yi nasara ya danganta da zafin wurin, abin da ya sa masu bibiyar ɗumamar teku a kudu maso yammacin Ingila ke ƙirga waɗannan banakul ɗin tun shekarun 1950. A 1985 kuma Gaines da Roughgarden suka nuna a Kalifoniya cewa in 'ya'yan da ruwa ke kawowa kaɗan ne, dutse ba ya cika, balle a yi faɗan wuri.

Ko sunayen ma ba su tsira ba. Balanus ɗin Connell yanzu Semibalanus balanoides ake ce masa. A 1976 kuma Alan Southward ya gano abin da ake kira Chthamalus stellatus a Birtaniya ashe nau'i biyu ne, kuma wanda Connell ya yi shekaru yana karewa da allura a Millport shi ne ɗayan, Chthamalus montagui.