Wace Kotu Ce Ta Ma'aikacin Kamfanin Gwamnati?

Da wuya ka shiga unguwa a garin Jos ba ka tarar da dattijon da ya yi aikin reluwe, ko NEPA, ko Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Ƙasa da aka kafa a 1972 da hedikwata a nan ba. Da yawansu an sallame su babu haƙƙi. Abin da ya fi ba su wahala a lokacin shi ne sanin ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

An kafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tun 1976, amma rigimar ƙungiyoyin ƙwadago da masu ɗaukar aiki ta fi saurara. Ma'aikaci shi kaɗai sai dai ya nufi babbar kotun jiha. A 1984 gwamnatin soja ta yi Doka ta 17, wadda ta hana kotu ko tanka maganar wanda aka kora a ƙarƙashinta. A 1993 kuma Doka ta 107 ta mayar da ƙararrakin hukumomin tarayya hannun Babbar Kotun Tarayya, lauyoyi suka yi ta sa-in-sa kan ko har da maganar kora.

Shari'ar NEPA da Edegbero ta isa misali. An kori wasu ma'aikatan NEPA bayan yajin aikin 1994, suka kai ƙara babbar kotun Jihar Neja, suka yi nasara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta ba su gaskiya. Sai a 2002 Kotun Ƙoli ta rushe komai, ta ce tun farko waccan kotu ba ta da hurumi. Shekara 8 ke nan na zirga-zirga da kuɗin lauya, ba a kuma ce musu korar daidai ce ba. A ganina wannan ya fi faɗuwa shari'a ciwo.

Dokar 2006 ta ƙara wa Kotun Ma'aikata ƙarfi, amma gardama ba ta mutu ba sai da gyaran tsarin mulki na 3 ya fara aiki a Maris 2011. Sashe na 254C ya ba ta ita kaɗai hurumin duk rigimar aiki, albashi, fansho da garatuti, ko na tarayya ne, ko na jiha, ko kamfani mai zaman kansa. Tana da reshe a nan Jos. Wanda hukuncinta bai gamsar da shi ba zai iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2017, daga nan kuma babu gaba.